Waƙa Da Kaɗanya: Shekara Nawa Kafin A Ci 'Ya'ya?

Tun daga 2018, shekarar da ɗan garin nan Fancy Gadam ya ɗauki kyautar waƙar shekara ta ƙasar Gana da "Total Cheat", babu zangon karatun da zai wuce ban sami yaro ɗaya ko biyu a ajina ba da ke cewa shi ya gama da boko, situdiyo zai nufa. Kuma yanzu sun zo da sabuwar magana da suka tsinto a waya, wai ba sai mutum ya hau dandali ba, sai dai ya tsara waƙa, ya ba gidajen rediyo da masu fim da 'yan talla izinin amfani da ita, kuɗi na shigowa yana barci. Sana'ar gaskiya ce, akwai masu cin abinci da ita a duniya. Abin da ba a gaya wa yaran ba shi ne tsawon jiran.

Mu nan arewa mun saba da ladan kiɗa na nan take. Makaɗin lunga na Dagwamba ko mai goge ya yi wasa a gidan suna ko biki, a liƙa masa kuɗi a goshi, ya koma gida da cefanensa. Kuɗin haƙƙin mallaka ba haka yake ba. Ya fi kama da kaɗanya, wadda kowace mace mai tsintar kaɗe ta san sai ta shekara goma sha biyar ko kusa da haka kafin ta fara zubar da 'ya'ya, kuma sau da yawa wanda ya bar ta a gonarsa ba shi ne zai fi cin moriyarta ba.

Ga misali. A 1994 wani ɗan Kumasi mai suna Ata Kak, yana zaune a Kanada, ya yi kaset mai suna "Obaa Sima". Kimanin guda 50 aka buga, kuma kusan babu wanda ya saya. A 2002 wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya tsinci guda a wurin mai sayar da kaset a Cape Coast, ya yi shekaru yana neman mai waƙar, sai a 2015 aka sake fitar da ita da yardarsa, aka fara biyansa, har ya zagaya Turai yana wasa. Ku ƙirga da kanku, shekara 21 ke nan. Haka Mamman Sani na Yamai, wanda ya ɗauki kiɗansa na ogan a kaset a 1978, mutanen Nijar suka yi ta jin sa a rediyo da talabijin, amma sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da shi ga duniya. Shi kuwa shekara 35.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne "Yaa Amponsah". Kumasi Trio suka ɗauke ta a faifai a Landan a 1928. A 1990 Paul Simon ya ari salonta a cikin wata waƙarsa, kuma da yake mutum ne mai tsare doka, ya aiko wa Gana dala 16,000 a matsayin kason farko. To, wa za a ba? Hukuma ta ce waƙar ta gargajiya ce, don haka kuɗin na ƙasa ne, kuma a kan wannan ne aka kafa hukumar kula da al'adun gargajiya a 1991. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a dokar haƙƙin mallaka ta 2005 kayan gargajiya suna hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a. Yaron da ya ɗebi kiɗan kakanninsa ya zuba a waƙa ya kamata ya san wane ɓangare ne nasa, wane ne ba nasa ba, tun kafin wani Bature ya aiko da takarda.

Me ke jawo jinkirin? Na farko dai waƙa ɗaya ba ta riƙe gida. Abin da ke zuwa daga kowace waƙa ɗan kaɗan ne, sai mutum ya tara waƙoƙi da yawa kafin ɗigon ya zama kwalba, kuma tarawar aikin shekaru ce. Sannan kuɗin ba ya tahowa kai tsaye. Ƙungiyar GHAMRO, wadda ta gaji COSGA a 2011, ita ke karɓa daga gidajen rediyo da otal-otal da makamantansu ta raba wa mawaƙan da suka yi rajista, kuma mawaƙan ƙasar nan sun daɗe suna kuka a jaridu cewa abin da ke isowa hannunsu bai taka kara ya karya ba. Idan na kudu da ofis ke kusa da su suna wannan kuka, ina ga ɗan Sabonjida ko Zogbeli mai waƙa da Dagbanci ko Hausa?

Ni ba na hana yaro waƙa, kuma ba na jin daɗin malaman da ke yi wa mai son kiɗa kallon ɗan iska. Abin da nake gaya musu shi ne kada wanda ya sa ran wannan hanya za ta ciyar da shi kafin shekara goma, kuma ko goman ba alkawari ba ce. Ya riƙe aikin da zai ba shi tuwo, koyarwa ce ko ɗinki ko gyaran babur. Ya yi rajistar kowace waƙa. Ya ajiye asalin abin da aka ɗauka a situdiyo a wurinsa, kada ya bar wa mai na'ura. In su uku suka yi waƙa, su rubuta kason kowa a takarda a ranar, tun ana dariya, gaban shaidu. Kuma kada ya sayar da waƙa dungurungum saboda kuɗin haya ya matse shi.

Iyaye ma su sa ido a kan waɗannan takardu. Dokar 2005 ta ba mai waƙa haƙƙinsa tsawon ransa, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wato abu ne da ke shiga cikin gado kamar gona ko gida, a raba wa magada.