Lissafin Arzikin Ƙasa Daga Bakin Zaure

Ranar Lahadi, 6 ga Afrilun 2014, aka sanar a Abuja cewa Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu, ta zama ƙasar da ta fi kowace ƙarfin tattalin arziki a nahiyar. An kwana ana cewa abin da ƙasar ta samar a 2013 naira tiriliyan 42 ne da 'yan kai, kafin a wayi garin Litinin ya koma tiriliyan 80, wato wajen dala biliyan 510. Ƙarin kashi 89 cikin 100 ke nan, alhali ba a haƙa sabuwar rijiyar mai ba, ba a kuma tayar da ko masaƙa ɗaya cikin waɗanda suka mutu a Kakuri ba. Mutanen gari suka yi ta dariya. A teburin mai shayi tambayar ɗaya ce: to mu ina namu kason?

Ni ban yi dariya ba, ban kuma yi murna ba, domin na taɓa yin irin aikin da waɗannan alƙaluma ke tsirowa daga cikinsa. Lokacin da na gama makaranta ina zaman jiran aiki, wata ƙungiya ta ɗauke mu tattara bayanai a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Jigawa. Gida-gida muke bi da fom da biro, muna tambayar me aka noma, me aka sayar, me aka ci, nawa aka kashe. Ba aikin gwamnati ba ne, amma tambayoyin 'yan uwan waɗanda ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi ne. Tun daga nan na daina ɗaukar alƙaluman gwamnati a matsayin wahayi, na kuma daina ɗaukarsu a matsayin ƙarya tsagwaronta.

Abin da ya faru a 2014 ba sihiri ba ne. Ba mai iya ƙirga duk abin da ƙasa ta samar kowace shekara. Shekara ɗaya ake zaɓa, a yi mata bincike mai zurfi, a san kason noma da na mai da na ciniki, sannan a riƙa ɗora ƙiyasin shekarun da ke biye a kanta. Masana sun ce a riƙa sabunta wannan shekarar tushe kamar duk bayan shekara biyar. Najeriya ta tsaya a kan 1990 har shekara ashirin da huɗu. Kamar tela ne da ya auna yaro yana firamare, ya ci gaba da ɗinka masa riga da wannan awon har ya yi gemu. A 1990 ba wayar salula, ba masu sayar da kati, harkar finafinan bidiyo kuwa ba ta kankama ba. Da Yemi Kale, shugaban Hukumar Ƙididdiga na lokacin, da ma'aikatansa suka matso da tushen zuwa 2010, sai sadarwa ta tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa sama da kashi 8, noma ya sauko daga sama da kashi 30 zuwa wajen 22, man fetur da muke wa kallon shi ne komai ya koma bai kai kashi 15 ba. Ghana ta riga mu: a 2010 ta sabunta nata, adadin ya ƙaru da kusan kashi 60.

Wannan duk ana samunsa a jarida. Abin da ba a samu a jarida shi ne yadda ake amsa tambaya a bakin zaure.

Mu biyu-biyu ake tura mu, namiji da mace, saboda gidajen ba shiga ne. Ni in zauna da maigida a kan tabarma, abokiyar aikina ta yi sallama ta wuce ciki. A fom ɗina akwai inda ake tambayar sana'ar kowane baligi na gidan. Sau da yawa amsar ɗaya ce:

"Baba, iyali fa, suna wata sana'a?"

"A'a ɗan nan, ai suna ciki. Ba sa komai."

Na rubuta. Da yamma in mun haɗa takardu sai a ga wani gidan daban. Uwargidan da ba ta komai tana sayen gyaɗa tiya-tiya, ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Amarya tana saƙa huluna ko tana dafa ɗanwake da safe. Akwai awaki a bayan ɗaki waɗanda ba na maigida ba ne. Akwai zubin adashe duk ranar kasuwa. A wani gida ma uwargida ce ta ranta wa mijin kuɗin taki, tana kuma jiran ya biya ta da kaka, ba ragi. Ba ƙarya dattijon ya yi mini ba. A wurinsa sana'a ita ce abin da ake fita a yi, kuma mutuncinsa ne a ce shi ke ciyar da gidansa. Sannan, gaskiyar magana, bai san yawan jarin matarsa ba, ita ma ba ta da niyyar ya sani.

Ga inda abin ya shafi lissafin ƙasa. Ma'aunin da ake kira GDP ba jimillar ciniki yake tarawa ba, ƙarin darajar da kowa ya yi yake tarawa. A ce matar nan ta sayi gyaɗar naira dubu goma, ta biya mai inji da itace dubu ɗaya, ta sayar da mai da ƙuli dubu goma sha huɗu. Dubu ukun da ke tsakani ita ce gudummawarta ga arzikin Najeriya, daidai da yadda ake lissafa ta kamfanin siminti. Gyaɗar kuwa an riga an lissafa ta a wurin manomi. A ƙa'ida dubu ukun nan tana cikin lissafi. A aikace, sai in an aiko mace, an bar ta ta shiga, matar ta yarda da ita, ta faɗa mata gaskiya. In ɗaya ya faɗi cikin waɗannan, sai wani a ofis ya cike gurbin da ƙiyasi. Ka ninka wannan da yawan gidajen da ke tsakanin Sakkwato da Maiduguri.

Daga baya na gano ashe matsalar ta girme ni. Turawa biyu da suka fara lissafa kuɗin shigar Najeriya, A. R. Prest da I. G. Stewart, waɗanda suka yi aiki a kan shekarar 1950 zuwa 1951, sun yi karo da ita. Sun ga cewa a nan miji da mata suna cinikayya da juna da kuɗi, kowa da aljihunsa, ba kamar yadda littattafan Ingila suka ɗauki iyali ba. Sai suka yanke shawarar sa aikin matan aure cikin lissafi, suka kuma ƙiyasta darajarsa da kuɗin aure. Hanyar ta ba ni dariya, don sadaki ba albashi ba ne. Pius Okigbo, da ya sake lissafin ya fitar a 1962, ya yi watsi da ita. Amma aƙalla sun hango abin da ke bayan zaure. Har yau girki da raino da wankin da mace ke yi wa gidanta ba sa shiga lissafin kowace ƙasa. In ta yi wa maƙwabta a biya ta, sun shiga.

Manomi kuma nasa salon daban. Ka tambaye shi kilo nawa ya noma, ya dube ka. Shi dami ya sani, da buhu, da tiya, kuma damin wannan gari ba shi ne na wancan ba. Ko damin ma ba ya faɗa kai tsaye. "Alhamdulillahi, an samu ɗan abin da aka samu." Wani dattijo cikin masu yi mana jagora ne ya koya mini dabara. Ya ce, "Malam, daina tambayarsa abin da ya samu. Tambaye shi dami nawa ya fitar na zakka." Mutum zai rage wa baƙo lissafi, amma da wuya ya rage wa Allah, kuma ɗaya bisa goma ne ga noman damina. Ka ninka da goma, ka samu abin da ke rumbu. Ban taɓa ganin wannan a littafin horon da aka ba mu ba.

Makiyayi kuwa ko dabarar ba ta cika kama shi. Ƙirga shanu a gaban baƙo ba abin da ake yi ba ne, ga tsoron baki, ga tsohon tabon jangali. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano tun 1979, amma dattawan da na zauna da su ba su manta cewa a zamanin iyayensu, duk wanda ya zo da takarda yana tambayar kai nawa ne a gida, haraji ne ke bin bayansa. Wasu kuma akasin haka: sun ji cewa masu rubuta suna su ne masu kawo tallafi, sai kowa ya zama matalauci, mai babur biyu ya ce ko keke ba shi da shi. Yau an ƙara wani dalili da ya fi waɗannan nauyi. A yankin da masu garkuwa da mutane ke da 'yan rahoto, wa zai zauna ya lissafa wa baƙo buhunan masararsa? Ba na ganin laifinsa. Sai dai sakamakon shi ne, inda aka fi buƙatar a san halin da ake ciki, nan ne aka fi ƙarancin sani. Haka shanun da ke shigowa Maigatari daga Nijar, da hatsin da ke fita ta hanyoyin da ba kwastan: kaso mai yawa ba ya ratsa littafin kowa.

Mu ma masu biron ba mala'iku ba ne. Na ga wanda in rana ta take, kuɗin mota bai fito ba, zai sami inuwar darbejiya ya cike fom ɗin gidajen da bai taka ba. Amsoshinsa ma sun fi na gaskiya tsari. Shi ya sa in na ji an rage kuɗin aikin ƙididdiga a kasafi, na san a ina za a biya bashin.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne in riƙa tambayar me aka auna kafin in yi musu da adadi. Hukumar Ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Mutane suka ce an raina musu hankali. Abin da ya sauya shi ne ma'anar mai aiki. A da sai ka yi awa 20 a mako ake sa ka cikin masu aiki. Sabon tsari, wanda shi Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke bi, ya ce ko awa ɗaya ka yi don samun kuɗi, kai mai aiki ne. Da wannan ma'auni, mai digirin da ke taya yayansa jiran shago mai aiki ne. Adadin ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne amsar tambayar da uban yaron ke yi ba. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, ba mai iya zama hannu rabbana. Talauci ne da kansa ke rage wannan adadi. Rahoton nan dai ya nuna fiye da kashi 90 na masu aikin ba su da aikin da ke kan tsari, kuma wannan layin ne ya kamata a yi kanun labari da shi.

Haka hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, sai 24.48 a Janairun 2025. Ba tiyar shinkafa ce ta sauko ba. Kwandon kayan da ake bibiyar farashinsu aka sabunta, nauyin abinci a cikinsa ya ragu daga sama da rabi zuwa wajen kashi 40. Ga matsakaicin ɗan ƙasa wataƙila haka ne. Gidajen da na shiga, abinci ne ke cinye kusan komai. Ko ba a taɓa kwandon ba ma, saukar wannan adadi tana nufin farashi ya rage gudu ne, ba ya juyo baya ba.

Ko shi Simon Kuznets, wanda ya shirya wa majalisar Amurka lissafin farko a 1934, ya yi gargaɗi tun a lokacin cewa ba a gane jin daɗin jama'a daga wannan adadi. Mun ga haka da idonmu. Hukumar da ta ba mu kambun Afirka a 2014 ita ce a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. A 2025 an sake sabunta tushe zuwa 2019, arzikin 2024 ya tashi zuwa naira tiriliyan 372 da ɗoriya, amma a dala bai wuce biliyan 243 ba, ƙasa da rabin na 2014, saboda dalar da ake saya wajen naira 160 ta koma wajen 1,500. Muka tsinci kanmu na huɗu, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya.

In kuma aka ce kason kowane ɗan ƙasa kaza ne, da yawan jama'a ake rabawa, mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Da wannan adadi na ƙiyasi ake tsara ajujuwa da gadajen asibiti, yana kuma cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya. Wannan nauyi a wuyan gwamnati yake, kuma ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tayar da maganar.

Namu nauyin bai kai wannan ba. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana bayanan mutum ɗaya ga kowa, kuma ma'aikacin gaskiya yana da katin shaida, ta hannun mai unguwa ko dagaci yake shigowa gari. In irinsa ya yi maka sallama, ka duba katinsa, ka tambayi mai unguwa. In ka gamsu, ka faɗa masa damin da ka samu, sannan ka bar abokiyar aikinsa ta shiga ciki uwargida ta amsa da bakinta.