Yatsu Biyu na Roba

Motar ta iso Kazaure da yammacin wata Alhamis ta hanyar Dambatta, da ƙurar Kano a jikinta. Toyota Prado ce, baƙa, tokumbo, kuma duk wanda ya zagaya ta a ƙofar gida idonsa kan ƙafafunta yake fara sauka: rim huɗu masu ƙyalli na inci 20, da tayoyin da suka kwanta a kansu sirara. Mai motar injiniyan ruwa ne, yana haƙa rijiyoyin burtsatse yana gyara su a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa, wani lokaci aiki ya kai shi har Babura. Shekara shida ya yi yana tara kuɗinta.

Direbansa dattijo ne wanda ya tuƙa wa mahaifinsa babbar mota tun injiniyan yana firamare. Ya tsuguna a gefen tayar gaba, ya jera yatsunsa tsakanin bakin rim da ƙasa, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Allah ya sanya alheri, Injiniya. Sai dai takalmin nan na zuwa ɗaurin aure ne."

"Baba, ai shi ake yayi yanzu."

"To, madalla."

Abin da dattijon ya auna da hannu a rubuce yake a jikin motar, a wuri biyu. A ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takardar da kamfani ya manna, tana cewa 265/65R17. A jikin tayoyin kuwa an rubuta 265/50R20. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, amma a matsayin kaso cikin ɗari na wancan faɗin. Harafin R na nufin irin saƙar ciki da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, wadda a yau kusan kowace mota ita take takawa. Lambar ƙarshe girman rim ne da inci. Milimita da kaso da inci a layi ɗaya: ma'aunin Turai da na Amurka ne suka haɗu a nan, ba wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa wuri.

Idan aka buga lissafin, kashi 65 na 265 ya ba da milimita 172, kashi 50 kuwa 132. Tsayin taya gaba ɗaya kusan ɗaya ne a duka biyun, 776 da 773, saboda abin da roba ta rasa ƙarfe ya cike. Wanda ya canza rim ɗin a can ƙasar waje ya san aikinsa, motar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Milimita 40 kawai aka zare daga gefen kowace taya, kimanin faɗin yatsu biyu. A kan kwalta mai santsi ragin yana da amfaninsa, domin gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai a kwana, sitiyari ya fi jin hannu. Injiniyan ya ji daɗin hakan a hanyar Kano zuwa Daura, kuma ya faɗa wa Baba fiye da sau ɗaya.

Sai dai inda kwalta ta ƙare nan aikinsa yake farawa, kuma ƙasar da yake yawo a kai iri biyu ce. Shi da kansa ya fi kowa sani, tunda kullum cikinta yake hudawa. Wajen Kazaure da Roni zuwa Gwiwa tsohon dutse ne a kusa da sama, tuddai da duwatsu masu kaifi waɗanda ruwan damina ke tonowa ya baje a hanya. Idan aka yi gabas zuwa Babura ƙasa sai ta baje ta koma yashi, irin jigawar da jihar ta ci sunanta lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991. Taya ɗaya ake so ta iya da duka biyun, kuma abin mamaki, abu ɗaya yashi da dutse suke nema a wajenta.

Yashi ne ya fara nuna musu. A watan Maris, kan hanyar amalanke a bayan Babura, motar ta kafe har ciki. Dabarar direbobin sahara sananniya ce: a sassauta iska. Ralph Bagnold, sojan Ingila da ya ratsa saharar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford wajajen 1930, da ita ya riƙa hawa tudun rairayi. Idan iska ta ragu daga 32 zuwa kamar 18, gefen taya yakan tsuguna, sawunta a ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, sai ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Mutane da yawa suna zaton faɗin taya ne ke ceton mota a rairayi, alhali tsawon sawun ya fi yin aikin, kuma tsawon daga gefen roba yake fitowa. Tayar da gefenta gajere ne ba ta da abin tsugunawa da shi. Baba ya sassauta kaɗan, ya ga rim na neman cizon roba, ya tsaya. A ƙarshe bijimai biyu na wani manomi ne suka ja Prado suka fitar, yara na tafi, injiniyan na tsaye da takalmi cike da yashi.

Wannan abin dariya ne, an kuma yi dariyarsa. Na watan Agusta bai zo da dariya ba. Famfon wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa ya ƙone, mata sun koma ɗebo ruwan kududdufi, mai gari ya kira sau uku. Suka ɗauko sabon famfo da bututu da ma'aikata biyu a baya. A wani kwari da ruwa ya zaizaye tayar baya ta faɗa kan bakin dutse, robar ta matsu tsakanin dutsen da rim, ta tsage tsawon ɗan yatsa. Rim ɗin ma ya lotsa. Doguwar taya da ta lanƙwasa ta haɗiye dutsen ta wuce, ko aƙalla da ta fi samun damar yin hakan.

Taya ta biyar da ke rataye a ƙarƙashin mota ta asali ce, inci 17, ba a taɓa sauke ta ba. Tsayinta ya yi daidai da sauran, kuma wannan sa'a ce, domin Prado ƙafa huɗu take ja kullum, idan taya ɗaya ta bambanta da tsayi sosai haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun ne ke shan wahala. Amma da Baba ya goge laka ya karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, inda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, sai ya ga ta haura shekara tara. Zanenta sabo fil, gefenta duk ya yi tsattsage kamar dugadugan hunturu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya. Da rarrafe suka koma Kazaure, ba su isa ƙauyen ba, don ba wanda zai shiga daji da tsohuwar taya kuma ba wata a ajiye.

Mai faci ya juya tsagaggiyar ya girgiza kai. Hujin ƙusa a tafin taya ana toshewa, yankan gefe kuwa ba shi da magani, ko an liƙe zafi zai buɗe shi. Ya tura yaronsa ya zagaya masu sayar da taya. Inci 15 da 16 na motocin haya da a-kori-kura ga su nan jibge, inci 17 irin na Hilux an samu wajen mutum biyu, inci 20 kuwa sai Kano. Kwana biyu aka yi kafin ta zo, ƙauyen ya ƙara kwana biyu a kan kududdufi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayar mota daga waje take shigo wa Nijeriya, kuma ɗan kasuwar ƙaramin gari abin da zai fita a mako yake sarowa. Girman da ya fi yawa a hanya shi ake samu a shago.

Daga nan injiniyan ya yi abin da masu ilimi kan yi idan suka ji kunya, ya zarce zuwa ɗaya ƙarshen. Ya kwana yana kallon motocin Ostireliya a waya, ya wayi gari yana son 285/70R17 mai manyan haƙora irin na taɓo. Lissafin da ya iya ne ya taka masa birki. Tsayin wannan taya milimita 831 ne, ya ɗara na asali da kashi 7 cikin ɗari. Cikin motar zai ɗaga daga ƙasa da milimita 27 kacal, rabin ƙarin, ga kuma abin da zai biya. Allura za ta nuna 100 alhali yana gudun 107. Injin mai lita 2.7, wanda dama ba gwanin ja ba ne, zai ji kamar an ƙara masa giya, birki zai yi aiki da ƙarin nauyi mai juyawa, taya za ta iya gogar jiki idan an karya sitiyari har ƙarshe, kuma ta biyar da wuya ta shiga mazauninta. Ga mai, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba a yi masa wasa. Manyan haƙoran kuma kuka suke yi a kwalta, suna saurin cinyewa, kuma komai son dajinsa, yawancin tafiyarsa a kwalta take. A can ne ma taya ke kisa, inda gudu da zafi da kaya suke haɗuwa. Ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja suka rasu a Maris na 2016, bayan tayar babbar jif ɗinsu ta fashe.

Shi ma Baba bai samu yadda yake so ba. Shi a wajensa taya ita ce 7.50R16, siririya doguwa, irin ta tsofaffin Land Cruiser da ya sani, wadda ke yanka taɓo ta taka ƙasa mai ƙarfi. Makaniki ya nuna masa birkin gaban Prado, faifan ya yi girman da rim na inci 16 ba zai rufe shi ba. Wani kuma ya kawo tayin rim na babbar Land Cruiser da araha, aka ƙirga, hujin ƙusoshinta biyar ne, na Prado shida.

Suka tafi Kano tare. A kasuwar Ƙofar Ruwa wani dillali ya karɓi rim ɗin masu ƙyalli hannu bibbiyu, har da lotsattsen, ya ce akwai wani matashi da ke nema. Kuɗin ya sayi rim huɗu na inci 17, ya kuma rage wani abu a kuɗin taya. Suka zaɓi 265/65R17, abin da takardar ƙofa ta faɗa tun ranar farko, mai matsakaicin zane na kwalta da daji, guda biyar iri ɗaya. Injiniyan ya duba lambar da ke bin girman, 112, wato kowace taya za ta ɗauki kilo 1,120, inda waɗanda aka cire 107 ne, kilo 975, kuma da su ya riƙa loda famfo da buhunan siminti bai sani ba. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta mako da shekara, ya mayar da guda ɗaya, ya ce a sauya.

A hanyar dawowa motar ta ɗan yi laushi a kwana, injiniyan ya lura, bai ce komai ba. Sun wuce Dambatta sai dattijon ya ce saura abu biyu, geji da ɗan injin hura iska mai aiki da batir, domin wanda ya sassauta a yashi dole ya mayar kafin ya hau kwalta, in ba haka ba zafi ya cinye gefen tayar daga ciki.

"Nawa ne, Baba?"

"Bai kai ladan shanun nan na Babura ba."

Ranar Litinin akwai rijiya a bayan Gwiwa da ruwanta ya fara zuwa da yashi. Suka yi shirin fita bayan asuba.