Abin da tarukan duniya kan makafi da kurame suka koya mini

Duk lokacin da aka ji wani ya tafi taron ƙasa da ƙasa kan masu buƙata ta musamman, abin da ke fara fitowa daga bakin mutanenmu shi ne, "An tafi cin kuɗin guzuri." Ba na ganin laifinsu. Sau da yawa wanda ya je ɗin yakan dawo da jaka mai tambari da hotuna a waya, makahon da aka tafi da sunansa kuwa ko labari bai ji ba. Amma ni da na daɗe ina koyar da yara kurame, kuma aikin tafinta ya kai ni wasu daga cikin waɗannan zauruka, na tabbata cewa abin da ake yankewa a can yana iya biyo yaro har cikin ajinsa a Kano ko Damagaram, ko da bayan shekara ɗari ne, alheri ne ko akasinsa.

Sanƙarau ne ya shigo da ni wannan harka. A annobar 1996, wadda ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya, ƙanwata ta kwanta tana ƙarama, Allah ya tashi kafaɗunta, amma ta tashi ba ta ji. Da nuni muka fara lallaɓawa a gida, har wani tela kurma a unguwarmu ya ja mu a jiki, ya koya mana maganar hannu irin wadda kuramen Kano ke yi a tsakaninsu. A shagonsa na gane cewa hannu yana ba da labari, yana musu, yana zolaya, yana ta'aziyya, babu abin da ya rage.

Shi ya sa labarin taron Milan yake yi mini ciwo har yau. A watan Satumba na 1880 malaman kurame daga ƙasashen Turai da Amurka suka hallara a wannan birni na Italiya, wakilai 164, kusan dukkansu masu ji. Suka zartar cewa koya wa kurma magana da baki da karanta leɓe ya fi, a fitar da maganar hannu daga makarantu. 'Yan kaɗan ne suka ja da hukuncin, cikinsu har da Edward Gallaudet na Amurka. Daga nan aka yi ta sallamar malamai kurame daga aiki, aka riƙa hukunta yara in an kama su suna magana da hannu, yaro ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon furta sautin da bai taɓa ji ba, lissafi da tarihi suna wuce shi. Sai a 2010, a birnin Vancouver na Kanada, wannan babban taro na malaman kurame ya fito fili ya yi watsi da ƙudurorin Milan, ya bayyana nadamarsa. Shekara 130 ke nan. Mutanen Milan ba mugaye ba ne, da yawansu sun ba da rayuwarsu ga wannan aiki. Sun dai zauna sun yanke wa mutane hukunci ba tare da masu abin suna wurin ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka abu na farko da nake dubawa in na shiga zauren taro shi ne su wa ke kan babban tebur. An samu ci gaba sosai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a Disamba 2006 ta fara aiki a Mayu 2008, da hannun ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu aka rubuta ta, kuma ta ɗauki maganar hannu a matsayin harshe cikakke. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya a 2010. Sai dai samun kujera daban, samun damar magana daban, kuma wannan a jikina na gan shi.

A wani taro a Turai na raka wata shugabar mata kurame daga arewa. Ana zaman tattaunawa kan karatun yara kurame a Afirka, mai jawabi yana Faransanci. Tafintan da ke cikin ɗakin gilashi yana mayarwa Turanci, ni ina saurare ta abin kunne, sannan in mayar mata da hannu. Kafin magana ta iso gare ta, zaure ya riga ya wuce gaba. Shugaban zama ya ce akwai mai tambaya, masu ji suka ɗaga hannu nan take, ita kuwa a lokacin ina kan isar mata da ƙarshen jawabin. Da ta ɗaga hannu, an rufe karɓar tambayoyi. Tambayarta kuwa ita ce mafi muhimmanci a wannan zama: malamai nawa ne a makarantun da ake yabawa suka iya maganar hannu har su koyar da lissafi da ita? Ta fito ranta a ɓace, ta ce mini da hannu, "Malam, an kawo ni ne a gan ni."

Washegari kafin a fara muka sami shugaban zaman, muka roƙe shi ya riƙa dakatawa kaɗan bayan ya buɗe fagen tambaya, ya kuma dubi tafintoci ya ga sun sauke hannu tukuna. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce bai taɓa lura ba. Tun daga ranar nake nacewa kan waɗannan ƙananan abubuwa tun kafin tafiya: a ba tafinta takardun jawabai da wuri, a tanadi mutum biyu suna karɓar juna kamar kowane minti ashirin domin hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya, a bar haske a kan tafinta in an kashe fitila don majigi, kuma kurame da kansu su tantance wanda zai yi musu tafinta. Duniya ta ga abin da rashin tantancewa ke jawowa a Disamba 2013, wurin taron tunawa da Nelson Mandela, inda aka tsayar da mutum kusa da shugabannin ƙasashe yana kaɗa hannu ba ma'ana, kuramen Afirka ta Kudu suna kallo ba su fahimci komai ba.

Akwai kuma tambayar da ba kasafai ake yi a waɗannan tarukan ba: wace maganar hannun? A zaure, da salon hannu na ƙasa da ƙasa ake amfani, wanda kuramen da suka saba tafiye-tafiye ke fahimta. A makarantunmu kuwa, abin da ake koyarwa ya samo tushe daga maganar hannun Amurka, wadda Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Ya yi aiki babba, dubban kurame sun yi karatu ta dalilinsa. Amma kafin zuwansa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da su a Kano ta rubuta littafi a kanta a shekarar 2000. Kurman da ke dako a kasuwar Kurmi, da wadda ke surfe a ƙauye, da wannan suke rayuwa, kuma su ne masu yawa. In wakilinmu ya tashi a Geneva ko New York ya ce a amince da maganar hannun Najeriya, ya kamata ya san cewa ba guda ɗaya ba ce. Uganda ta sa maganar hannu a tsarin mulkinta tun 1995, Kenya a 2010, Afirka ta Kudu ta mayar da ita harshen hukuma na 12 a 2023. Ranar da namu lokacin ya zo, ina fata ba za a manta da tela irin wanda ya koya mana ba.

Ta ɓangaren makafi, darasin ya zo mini ne daga wani dattijo makaho, malamin makaranta, da muka zauna kusa da juna a wani taro. Mai jawabi ya yi ta cewa, "Kamar yadda kuke gani a allo," yana wuce jadawali bayan jadawali, kuma batun da yake yi shi ne samar da bayanai ga marasa gani. Dattijon ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, me ke allon nan?" Na riƙa raɗa masa alƙaluman har aka tashi. Daga baya ya ba ni labarin yadda ya yi karatun jami'a da rikoda da kaset, abokai suna karanta masa, wani littafin sai an gama jarrabawa yake samun mai karanta shi. Shi ya fara fahimtar da ni darajar yarjejeniyar Marrakesh.

An ƙulla ta a Maroko a watan Yuni 2013, bayan shekaru Ƙungiyar Makafi ta Duniya tana matsa lamba, tana nuna cewa littattafan da makaho ke iya samu a sigar da zai karanta ba su kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba. Yarjejeniyar ta ba da dama a mayar da littafi rubutun makafi ko murya ko manyan haruffa ba sai an jira izinin mai haƙƙin mallaka ba, kuma a iya aika shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta fara aiki a Satumba 2016, Najeriya ta tabbatar da ita a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta buɗe wannan hanya a cikin gida. Ga taron da masu abin suka ja ragamarsa, ga kuma sakamakonsa. Abin da ya rage namu ne. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, amma har yau ɗalibi makaho mai nazarin Hausa yakan sha wuya kafin ya sami littattafan manhajarsa cikin murya. Babu baƙon da zai zo ya karanta mana su. Muna da gidajen rediyo, muna da masu murya mai daɗi da ke karanta littattafan hikaya a YouTube dare da rana, doka kuma ta ba da dama.

Waɗanda suka haɗa rashin gani da rashin ji su ne na fi jin kunyar yadda ake mantawa da su. Na ga wasu daga ƙasashen arewacin Turai a taro, tafinta yana magana a cikin tafin hannunsu, suna ba da amsa, suna jayayya kan kasafin kuɗi. Namu suna ƙuryar ɗaki, ko a ƙidaya ba a cika ambatonsu ba.

Wani abin da tarukan suka koya mini shi ne haƙuri, da rarrabe alkawari mai ƙafafu da marar su. Alƙaluman da ake karantowa suna da girma har su kashe wa mutum jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma ta biliyan ɗaya daga ciki ana iya kauce mata ko magance ta. A 2021 ta ce mutum miliyan 430 ke buƙatar taimako saboda raunin ji. Amma a dubi makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa, wadda ta taɓa tayar da ƙauyuka daga ƙasa mai albarka. Masana sun zauna a Tunis a 1968, aka fara shirin yaƙi da ita a Afirka ta Yamma a 1974 da feshin magani a koguna, aka samu ƙwayar Mectizan kyauta daga 1987, mutanen ƙauye da kansu suka riƙa rabawa gida gida shekara da shekaru. A Janairu 2025 aka tabbatar da Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka. Wannan alkawari ya cika ne domin an faɗi wanda zai biya, da wanda zai yi, da yadda za a auna.

Da wannan ma'auni nake duba sauran. An yi babban taron duniya kan nakasa a Landan a 2018, an sake a 2022 ƙarƙashin jagorancin Norway da Gana, sannan a Berlin a Afrilu 2025, inda aka fitar da burin cewa kashi 15 cikin 100 na ayyukan raya ƙasa da ake yi da tallafin waje su zama an tsara su don masu nakasa. Buri ne mai kyau, kuma yana da lamba, ana iya bin sawunsa. A gida ma muna da doka irin wannan: wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin gine-ginen ya cika a Janairu 2024. Amma kurma mai naƙuda tana zuwa asibiti babu mai tafinta, sai ƙaninta ko mijin 'yar'uwarta ya tsaya yana fassara abin da bai kamata ya ji ba. Ƙanwata ta taɓa ce mini, "Yaya, in doka tana nan, me ya sa ba a gaya mana ba?"

Wannan tambaya ita ta sauya yadda nake dawowa daga tafiya. Yanzu kafin in rubuta rahoton ofis, nakan je wurin da kurame ke taruwa da yamma in ba su labari da hannu, abin da aka ce, wanda ya sa hannu a madadin ƙasarmu, da ranar da ya ce zai cika. Nakan kai wa shugabannin makafi bayani da baki, in naɗi murya a tura ta WhatsApp. Muna da sarkin makafi da sarkin kurame a garuruwanmu tun kafin a san wani abu wai shi ƙungiya mai zaman kanta, kuma saƙon da ya bi ta hannunsu yana isa inda takarda ba ta zuwa. Tambayoyin da nake samu a irin wannan zama sun fi na zauren taro kaifi, kuma da su nake tafiya taro na gaba.

Ina roƙon duk wanda aka ba gayyatar irin wannan taro, jami'in gwamnati ne ko ma'aikacin ƙungiya: in kujera ɗaya ce, ka bar wa makaho ko kurman da ya san matsalar, ka nema masa kuɗin ɗan jagora ko tafinta a cikin kasafin tafiyar. In kuwa kai ka je, kada mako biyu ya wuce ba ka zauna da su ka faɗa musu, da Hausa da kuma hannu, abin da aka yi alkawari da sunansu ba.