Larabci da Kimiyya a Cikin Badala

Mu mutanen Maraɗi in mun ce za mu Kano, yawanci Kwari ko Kurmi muke nufi, mu yi sari mu juya. Ni kuwa malamin lakwal ne, shi ya sa da na sauka gidan wani aminin mahaifina a Yakasai, makarantu na fi zuba wa ido.

Wadda ta fara ɗaukar hankalina ita ce Makarantar Koyon Larabci, wadda Kanawa ke kira SAS, ba nisa da Gidan Makama. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe ta don horar da alƙalai, aka ɗauko malamai daga Sudan, a 1947 kuma ta samu sunanta na yanzu. Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a nan, kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero ma a cikinta ta soma a 1960. Mu ma muna da makarantun faranko-arab, amma a Kano na ga Larabci da cikakken mutuncinsa. Yaro zai sha nahawu da balaga, ya haɗa da Turanci da lissafi, ya zauna jarrabawa ya nufi jami'a, babu mai yi masa kallon wanda boko ta ƙi.

Inda na fi daɗewa ina mamaki shi ne wajen 'yan mata. Jikar mai masaukina tana makarantar Shekara, za ta shiga SS1, ajin da ake rabuwa: kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Bayan la'asar ta dawo daga Islamiyya, ta kawo mana ruwa soro, littafin hadisi da na kemistiri a hannu ɗaya, an yi musu bango da takardar kalanda. Na ce, "'Yata, wanne kika zaɓa?"

Ta durƙusa ta ce, "Baba, kimiyya. Na raka yayata awo, na ga mata sun gwammace su wuni a layi don mace ta duba su."

Kakanta ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka ji ta. Kakarta ko aji ɗaya ba ta shiga ba, amma ita ke tashinta karatun asuba." Wannan hanya ta kimiyya an daɗe da share ta. Tun 1977 gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na maza a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta mata ta biyo baya a Taura a 1981, kafin a yanki Jigawa. Waɗanda suka fito daga can su ne 'yan matan yau ke gani da farar riga suna kwaɗayi.

Samarin unguwar kuwa, da yawansu ajin kasuwanci suke, don ana tashi sai rumfar uba ko ta kawu. Faransanci bai samu masoya sosai ba, ga kuma ƙarancin malamansa. Amma wani ɗan maƙwabta da ya ji daga Nijar nake, sai ga shi da biro, wai in koya masa ƙirga, saboda abokan cinikinsu na Chadi da Kamaru.

Sai Hausa, wadda ta fi taɓa min zuciya. A nan darasi ce da ake zaɓa a WAEC da NECO da JAMB, a bi ta har digiri na uku a Bayero. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ɗalibaina na lise har yau da Faransanci suke duk karatunsu. Ranar da muka tashi sa ta a jarrabawar BAC da gaske, littattafai da masu horar da malamai suna nan Kano, tafiyar yini guda ta Jibiya.