Asalin Tsoho Mai Kwalekwale

A Bagudo, cikin ƙasar Gwandu, akwai wani malamin makaranta da ya ɗaura niyyar wallafa littafi. Labarin wani tsoho ne mai kwalekwale a Kogin Kwara, wajen Lolo, a zamanin da Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta, watau daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020. Ya rubuta shafi 40, ya kawo tsohon nan har daren da wani ɗan kasuwa ya zo masa da buhunan shinkafa daga ƙasar Benin, yana so a haye da su a ɓoye. Nan alƙalami ya cije. Malam ya rubuta cewa tsoho ya ɗauka, ya duba ya ga ƙarya ce. Ya soke, ya rubuta ya ƙi, ya ga wannan ma ƙarya ce. Takardu suka yi wata 3 cikin akwati.

Ana nan sai likita ya auna shi, ya ce jininsa ya soma hawa, lalle ya riƙa motsa jiki. Ran farko ya fita bayan sallar asuba, ya sheƙa kamar wanda kura ta biyo. Bai kai bayan gari ba numfashi ya sarƙe, ya zauna bakin hanya yana haki, mata masu zuwa rijiya suna rufe baki da gyale. Da malamin wasanni na makarantarsu ya ji, sai ya ce, "Haba Malam, ai ba haka a ke yi ba. Ka yi sassarfa, irin wadda za ka iya amsa gaisuwa ba ka tsaya ba. In ka gaji ka koma tafiya, sa'an nan ka sake ɗauka. Ka bi gefen da za ka fuskanci babura masu zuwa, ka sha ruwa in ka komo, ka huta kwana ɗaya tsakani. In kuwa ka ji ƙirji ya riƙe, ka tsaya, ka koma wurin likita."

Ashe sassarfa tana barin zuciya ta yi nata aiki. Kowace safiya yakan gamu da wani dattijo bisa jaki, su gaisa, Hausarsa da ɗan karin Dandanci. Wata rana Malam ya lura ya fi sanin wannan baƙon ido bisa ga tsohon da shi da kansa ya ƙaga, gama ko sunan uwar tsohonsa bai taɓa tambayar kansa ba. Ya tuna littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tambayar asalin Shaihun ita ce ta buɗe labarin duka. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa, Alhaji bai fita yawon duniya don nishaɗi ba, wulakancin da aka yi wa gidansu a fada shi ya fitar da shi.

Malam ya sayi littafin rubutu dabam, ya shiga binciken tsohon nan yadda iyaye kan binciki mai neman 'yarsu. Ina aka haife shi? Da wane harshe uwarsa ta ke yi masa faɗa? Wa ya ke jin kunya? Abin farin ciki, ƙasar ba ta rowar amsa. Ta Illo fataken goro suka riƙa bi zuwa Gwanja tun kafin Turawa. Cikin 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, Illo ta faɗo wa Ingilishi, Nikki ta faɗa wa Faransi, aka ja layi tsakanin mutanen da suke auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. A wancan ɓangare, wanda a ke kira Dahomey har 1975, Faransawa sun riƙa kama mutane aikin tilas, ba a hana ba sai 1946, mutane da yawa kuwa suka gudo ƙasar Ingilishi.

Daga nan Malam ya samo uban tsoho: saurayi ne da ya gudo wa aikin tilas, wani mai jirgi ya haye da shi da dare, bai karɓi ko anini ba. Yaron da ya tashi da wannan labari a kunne, iyaka a gare shi sha'anin masu takarda ne, ba zai mai da mutum baya a bakin ruwa ba. To, amma Malam ya ƙara masa suruki, mijin 'yarsa ta fari, ma'aikacin kwastan, yaro mai ladabi wanda ke durƙusawa in zai gaishe shi. Da wannan ya zauna, daren shinkafa ya rubuta kansa cikin zama ɗaya. Tsoho ya ɗauki kaya, ya haye, ya karɓi kuɗi, sa'an nan ya kasa sayen ko goro da su.

Sai dai murna ta sa Malam ya sake kuskuren ranar farko. Ya kwashe tarihin nan duka, shafi 15, ya jibge a bakin littafi, har da kakanni da yarjejeniyar Turawa. Ya ba malamin wasanni ya karanta. Bayan kwana biyu mutumin ya komo da takardu yana sosa ƙeya, ya ce, "Malam, ni fa na zauna bakin hanya tun shafi na 6."

Malam ya ji zafin maganar, amma ya ɗauki almakashi. Abin da ya bari wuri uku ne kaɗai. Tsoho yakan ƙirga kuɗi da Dandanci in ransa ya ɓaci. Ba ya yarda ya sa hannu a takarda, ko ta asibiti ce. Labarin uban kuwa ya ajiye shi sai shafi na 58, inda suruki ya zo gaisuwa da safe, ya tarad da ƙwayoyin shinkafa a cikin kwalekwale, ya dube su, ya ɗauke kai, ya tambayi lafiyar iyali.