Wai Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ta Cika

Akwai wata magana da nake yawan ji a ɗakin kwamfutocinmu, musamman idan lokacin rubuta aikin ƙarshen shekara ya gabato, watau wai "ƙwaƙwalwa ta cika". Ɗalibi ya buɗe wurin da injin ke nuna lissafin kansa, ya ga ƙwaƙwalwar gigabait 8 ce, amma filin da ya rage bai kai rabin gigabait ba, alhali kuwa bai buɗe kome ba sai takarda guda. Nan da nan sai hankalinsa ya tashi. Wannan ya ce ƙwayar cuta ce, wancan ya ce a kai wa mai gyara, wani kuwa ya ɗauko wata manhaja wai mai share ƙwaƙwalwa ya sa. Na san wanda ya ƙuntata wa cikinsa har mako biyu don ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa, ga injinsa kuwa lafiya lau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mu fara da abin da kowane malami ya sani. Kana da tebur a gaban aji, kana kuma da sito can bayan ofishin hedimasta inda ake kulle littattafai. Sito babba ne, ba ya mantuwa, amma da nisa. Tebur ƙarami ne, sai dai kome ka ɗora a kai, miƙa hannu kawai za ka yi. To, faifan kwamfuta shi ne sito, ƙwaƙwalwa kuwa, wadda masu gyara ke kira ram, ita ce tebur.

Nisan nan fa ba na wasa ba ne. Injin kan sami abu a ƙwaƙwalwa cikin wajen kashi 1 bisa miliyan 10 na sakan. A tsohon faifai mai juyawa kuwa sai ya jira wajen kashi 1 bisa 100 na sakan. Ka ga ninki 100,000 ke nan. Da a ce ɗauko littafi daga tebur sakan ɗaya ne, to, zuwa sito sai ya ci maka kusan awa 28, yini da kwana har da ɗori. Ko sabon faifan nan marar juyawa, da duk saurinsa, a wannan lissafi sai ka jira shi kamar minti 17.

Sabo da haka injin ya kan yi abin da malami mai dabara ke yi. Idan ka buɗe fayil ka rufe, ba ya jefar da shi daga ƙwaƙwalwa. Ya kan bar kwafinsa a nan, ko ka sāke nema. Shi ya sa in ka buɗe babbar manhaja da safe ta kan yi nawa, in ka rufe ka sāke buɗewa sai ka ga ta faɗo kamar ƙiftawar ido. Wannan ajiya ta kusa aro ce kurum. Da zarar wani aiki ya nemi wuri, injin zai ture mafi daɗewa a cikinta ya ba shi, ba tare da wahala ba, domin asalin fayil ɗin yana nan a faifai.

Yanzu a dubi abin da manhajar sharewa ke yi. Kamar monita ne mai rawar kai, wanda da an kaɗa ƙararrawa sai ya kwashe duk littattafan tebur ya mayar sito, ya zo yana murmushi wai ya yi tsabta. Tebur kam ya yi fes. Amma darasi na gaba sai an aika yaro ya ɗauko su ɗaya ɗaya, aji na zaune na hamma. Ni a ganina filin ƙwaƙwalwa da ba a sa kome a ciki ba, kuɗi ne aka biya aka bar shi yana barci.

Ruɗanin nan ya daɗe. A 2007, da Windows Vista ta fito da wata dabara mai suna SuperFetch, wadda ke lura da manhajojin da ka saba buɗewa ta ɗauko su tun kafin ka nema, mutane da yawa suka ga fili ya kusa ƙarewa suka yi ta kuka. Masu Linux ma sun sha wannan tambaya, har a 2014 aka ƙara wani lissafi da ke nuna abin da za a iya samu in an buƙata. Shi ne abin dubawa. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen ƙwaƙwalwa, ka nemi inda aka rubuta "Available". In adadin nan da auki, bar "Cached" ya yi girman da ya ga dama.

Ba wai ƙwaƙwalwa ba ta ƙarewa da gaske ba ne. Tana ƙarewa, kuma alamarta ba ta ɓoyuwa: "Available" ya sauko ƙasa ƙwarai, fitilar faifai ta yi ta walƙiya ba hutu, ka danna harafi sai an jima ya fito. A nan injin ya rasa wuri ne, har ya shiga kai abin da ake aiki da shi sito yana komowa da shi. Sau da yawa laifin na shafukan intanet 30 ne da aka bari a buɗe. Wani lokaci kuwa wata manhaja ce mai halin ɗalibin da ke aron littafi ba ya mayarwa: ka duba da safe ta ci kaɗan, da azahar ta ninka, da la'asar ta cinye wurin. Rufe ta ka sāke buɗewa. In an yi duk wannan abin bai canja ba, sa'an nan a yi zancen sayen ƙari.

Abin da ya fi damuna ma wani ɓangare ne na ajiyar nan da ba a cika zancensa ba. Kamar yadda injin ke riƙe abin da ya karanto, haka ya kan riƙe abin da ka ba shi ya rubuta, na ɗan lokaci, kafin ya kai faifai. A Linux jiran kan kai wajen sakan 30. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta riƙe kome in babu lantarki, ga shi kwamfutar tebur ba ta da batir irin na tafi-da-gidanka, mu kuma mun san halin wutarmu. Haka nan wanda ya ga alamar kwafi ta cika ya fizge filashinsa ya ruga aji, yana iya isa wurin mai buga takarda ya tarar da rabin aikinsa. Kafin ka zare filash, umarci injin ya sake shi, ka jira har ya ce maka an gama. Ba ya wuce 'yan sakan.