Maisur: Abin da ke saura bayan mulki ya tafi

Galibin Hausawa sun san Indiya ne ta finafinan harshen Hindi, wasu kuma ta asibitoci da jami'o'inta. Amma kudancin ƙasar wata duniya ce daban, mai harsunanta da rubutunta da abincinta. A can, cikin jihar Karnataka inda ake magana da harshen Kannada, birnin Maisur yake, kimanin kilomita 140 kudu maso yamma da Bangalor. Na kai masa ziyara da tambaya guda a raina, wadda duk wanda ya tashi a ƙasar sarakuna zai fahimta: me ke saura ga birnin sarauta bayan an karɓe mulki daga hannun sarakunansa?

Baƙo kan fara ne da fada. Gidan sarautar Wadiyar, wanda tarihin gidan ya nuna an kafa shi a 1399, shi ke da wannan katafaren gini da ake kira Amba Bilas. Tsohuwar fadar ta katako ce, gobara ta cinye ta a 1897 ana tsakiyar bikin auren wata gimbiya. Wani Bature mai suna Henry Irwin ne ya tsara sabuwar, aka kammala ta a 1912. Sai mutum ya tuɓe takalmi kafin ya shiga. A ciki akwai ƙofofin azurfa, da wasu na katako da aka yi wa ado da hauren giwa, da zauren ɗaurin aure mai rufin gilasai masu launi da zanen ɗawisu. Ranar Lahadi da almuru ana kunna ƙwayayen lantarki kusan 100,000 da aka jera a jikin ginin, jama'a su cika fili suna kallo. Yau akasarin fadar gidan tarihi ne a hannun gwamnatin jiha, zuriyar sarautar kuma na zaune a wani sashe.

Wanda ya tsaya a fada kaɗai bai ga rabin labarin ba. Kimanin kilomita 15 daga birnin akwai Sirirangapatna, tsibiri a tsakiyar kogin Kaberi, inda hedikwatar masarautar ta zauna tun daga 1610. A nan ne Haidar Ali, Musulmi kuma kwamandan soja, ya karɓe ragamar mulki a 1761, ya bar wa sarkin Wadiyar suna kawai. Ɗansa Tipu Sultan ya gaje shi a 1782. Uba da ɗa sun gwabza yaƙi sau huɗu da kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, har da makaman roka masu bututun ƙarfe da suka firgita Turawa. Ranar 4 ga Mayu 1799 aka fasa ganuwar garin, Tipu ya mutu yana yaƙi. Har yanzu masallacinsa mai hasumiya biyu na tsaye cikin ganuwar, ba nisa da tsohon ɗakin ibadar Hindu na Ranganata. Akwai kuma gidan shaƙatawarsa na katako mai zanen yaƙe-yaƙe a bango, da hubbaren da ya haɗa shi da mahaifansa.

Mutanen jihar ba su yi ittifaƙi a kan Tipu ba. Wasu na ganinsa gwarzon da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, wasu kuma, musamman a yankin Kodagu da gaɓar teku, na tuna shi da tsananin da ya gwada wa kakanninsu. Gwamnatin jiha ta fara bikin tunawa da shi a 2015, wata gwamnatin ta soke a 2019. Shekara fiye da 200 bayan rasuwarsa, takobinsa na ci gaba da raba kan jama'a.

Bayan faɗuwar Tipu, Turawa suka ɗora yaro ɗan shekara biyar daga gidan Wadiyar a kan gado. A 1831 suka karɓe mulkin kai tsaye, sai a 1881 suka mayar wa gidan. Daga nan ne abin da ya fi jan hankalina ya soma. Sarakunan da suka biyo baya ba su da ikon yaƙi ko hulɗa da ƙasashen waje, kuma suna biyan Turawa kuɗi duk shekara. Ɗan ikon da ya rage musu sai suka zuba shi cikin gina ƙasa. A 1881 ɗin aka kafa majalisar wakilan jama'a. A 1902 tashar lantarki ta Shibanasamudra ta fara aiki da ƙarfin ruwan Kaberi. A 1916 aka buɗe Jami'ar Maisur. An gina madatsar ruwa ta Kirishnaraja Sagar, wadda har gobe manoman shinkafa da rake ke dogaro da ita. Mafi yawan wannan aiki ya faru ne a zamanin Sarki Kirishnaraja Wadiyar na Huɗu, wanda ya rasu a 1940.

Sirrinsa bai wuce iya zaɓen waziri ba. Daga 1912 zuwa 1918 ya damƙa gwamnati ga injiniya Bisbesbaraya. Daga 1926 kuma ya naɗa Mirza Isma'il, Musulmi, wanda ya riƙe muƙamin har 1941. Sarki mabiyin addinin Hindu, mai tsananin riƙo da ibadarsa, bai ga aibin ba wa Musulmi amanar masarautarsa ba muddin ya cancanta.

Wannan gado yana bayyane a titi. Masaƙar siliki da masana'antar man sandal da masarautar ta kafa suna aiki har yau. A ɗakin adana tsoffin rubuce-rubuce da aka kafa a 1891 ne wani malami, Shamasastiri, ya gano kwafin Artashastara, tsohon littafin dabarun mulki da aka ɗauka ya ɓace, ya buga shi a 1909. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata masana'antar fenti da sarki ya kafa a 1937. Ita ce tun 1962 ke yin tawadar da ake shafa wa yatsan masu zaɓe a duk faɗin Indiya. Masana'antar sarki ce ke hidima ga tsarin da ya maye gurbin sarauta.

Mulkin kuwa ya tafi. Maisur ta shiga tarayyar Indiya a 1947, sannan a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke alawus da muƙaman sarakuna baki ɗaya. A bikin Dasara na kwana goma, giwa na ɗaukar rumfar zinariya mai nauyin kilo 750 kamar dā, amma ba sarki ke zama ciki ba, siffar Camundeshwari ce, abar bautar da gidan ke girmamawa. Magajin gidan na yanzu, Yadubir, da ya so shiga majalisar tarayya a 2024, sai da ya nemi ƙuri'a kamar kowa.

Kada mai karatu ya zaci komai lafiya lau ne. Kasuwar Debaraja, mai shekara fiye da 100, inda ƙamshin furen yasmin da turaren tsinke ke tarbar baƙo, wani sashenta ya rufta a 2016, aka shiga jayayya tsakanin masu son a rushe ta da masu son a gyara. Fadar da ke kawo kuɗin masu yawon buɗe ido tana sheƙi, kasuwar talaka tana jiran gyara.

Labarin nan bai yi mana nisa ba. Lugga, wanda ya shimfiɗa mulki ta hannun sarakuna a Arewa, a Madras ta kudancin Indiya aka haife shi a 1858, kuma kalmar daba ta Hawan Daba daga Indiya Turawa suka kawo ta. Mu ma sarakunanmu sun yi mulki ƙarƙashin Turawa, kuma baitulmalin En'e ta Kano ya samar da ruwan famfo da lantarki a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Mu ma an karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannunsu, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran.

Gaskiya ne Maisur ta fi kowace masarautarmu kuɗin shiga da 'yancin gudanarwa, don haka kwatancen yana da iyaka. Duk da haka darasin a fili yake. Ba a girmama gidan Wadiyar yau saboda fitilun fada, ana girmama shi ne saboda jami'a da madatsa da ɗakin littattafai. A daidai lokacin da muke ɓata shekaru kan rigimar naɗi da tuɓe sarakuna, ganuwar Kano na zaizayewa, littattafan malamanmu na dā kuma gara na cin su a zaurukan gidaje. Tara waɗannan littattafai, da kare ganuwa, da kafa asusun karatun 'ya'yan talakawa, ba sa bukatar dawo da ikon da ya wuce. Aiki ne da masarautunmu za su iya somawa da martabar da ke hannunsu yanzu.